Asalin Korona da Rikicin Yarda da Jami'an Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke dawowa duk sanda aka ta da zancen korona, a majalisar ƙofar gida ne, a shirin rediyo na kiran waya ne, ko a zauren WhatsApp na dangi. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu sarƙaƙiya. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Wai har yau ba a san daga ina korona ta fito ba?

An san garin, an san lokacin, hanyar ce ba a tabbatar ba. Garin shi ne Wuhan, babban birnin lardin Hubei a tsakiyar ƙasar Sin, mai mutane kusan miliyan 11. Ranar 31 ga Disamba 2019 hukumar lafiya ta birnin ta sanar da ɓullar wani ciwon huhu da ba a san musabbabinsa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara kwanciya suna da alaƙa da kasuwar Huanan. Washegari aka rufe kasuwar. Ranar 23 ga Janairu 2020 aka kulle birnin ɗungurungum, ranar 11 ga Maris kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta kira abin annoba.

Masana ba su da saɓani cewa kakannin ƙwayar cutar a jikin jemagu suke, domin danginta mafi kusa da aka gano duk a jemagun kudancin Sin da ƙasar Laos aka same su. Inda ake jayayya shi ne yadda aka yi ta taso daga can, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta faɗa jikin ɗan Adam a Wuhan.

Ra'ayi nawa ne ake jayayya a kansu?

Uku ne, kuma yawancin musun da ake yi daga cakuɗa su yake tasowa. Na farko, ƙwayar ta tsallako daga dabba zuwa mutum, mai yiwuwa ta namun dajin da ake sayarwa da ransu a kasuwa. Na biyu, masu bincike ne suka ɗebo ta daga kogon jemagu, ko suna aiki a kanta a ɗakin gwaje-gwaje, ta kama wani ma'aikaci bisa kuskure ya fita da ita gari. Na uku, da gangan aka ƙera ta aka saki, don a rage mutane ko a karya wata ƙasa ko a sayar da allura.

Biyun farko su ne masana ke muhawara a kansu da gaske. Na ukun ba shi da madogara: hatta hukumomin leƙen asirin Amurka, waɗanda ba sa ga-maciji da Sin, sun haɗu a kan cewa ba makami aka ƙera ba. Saboda haka wanda ya ce maka "ai yanzu sun yarda daga ɗakin gwaji ta fito, ka ga kenan shiri ne" ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Kuskure daban, mugun nufi daban.

Ita ma gwamnatin Sin tana da nata labarin: wai a daskararren abinci aka shigo da cutar daga waje, ko kuma sojojin Amurka ne suka kawo ta lokacin wasannin sojoji na duniya da aka yi a Wuhan a Oktoba 2019. A wajen Sin, masanan da suka ɗauki wannan da muhimmanci ba su taka kara sun karya ba.

Mece ce hujjar masu cewa daga kasuwa ta fito?

Sunan kasuwar Huanan ya nuna ta kifi da kayan ruwa ce, amma a ɓangarenta na yamma akwai rumfunan da ake sayar da namun daji da ransu, keji a kan keji. Wasu masu bincike da suka riƙa zagayen kasuwannin Wuhan daga 2017 zuwa 2019, kan wata cuta daban, sun ƙirga dabbobi sama da 47,000 iri 38 da aka sayar. Cikinsu har da wata dabba dangin kare mai kama da dila, wadda ake kiwo don fatarta da namanta, kuma gwaji ya nuna tana iya kamuwa da korona ta yaɗa ta.

A 2022 wani masani mai suna Michael Worobey da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science. Sun ɗora gidajen marasa lafiyar Disamba 2019 a taswira, sai aka ga sun yi dandazo kewaye da kasuwar, har da waɗanda ba sa aiki a cikinta kuma ba su je sayayya ba. Samfuran da jami'an Sin suka shafo daga kasuwar bayan rufe ta, daga keji da amalanke da magudanar ruwa, waɗanda aka samu ƙwayar a jikinsu sun fi taruwa a kusurwar masu namun daji. Daga baya, a 2023, aka gano ɓurɓushin halittar wannan karen dajin a cikin wasu samfuran da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Ga kuma tarihi: cutar SARS ta 2002 zuwa 2003, wadda ta kama mutane kusan 8,000 ta kashe 774, ta cinikin namun daji a lardin Guangdong ta shigo.

Raunin hujjar a bayyane yake. Ba a kama dabba ko ɗaya ɗauke da cutar ba, kuma an ɗebi samfuran ne bayan mutane sun riga sun kamu, don haka ana iya cewa mutane ne suka zubar da ƙwayar a wurin. Masu suka sun ƙara da cewa tun farko likitoci sun fi neman marasa lafiyar da ke da alaƙa da kasuwar, ka ga dole taswira ta nuna kasuwar. Masu binciken sun amsa wannan suka, amma ba kowa suka gamsar ba.

To su masu cewa daga ɗakin gwaje-gwaje ta kuɓuce fa?

Hujjarsu ta farko ita ce dacewar wuri. A Wuhan ɗin ne Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cuta ta Wuhan take, ɗaya daga cikin manyan wuraren binciken korona ta jemagu a duniya, inda jagorar wannan binciken a lokacin ita ce Shi Zhengli, wadda ta shafe shekaru tana ɗebo samfura daga kogunan kudancin Sin. A ma'ajiyarta akwai wata ƙwaya mai suna RaTG13, da aka samo a 2013 daga wani ramin haƙar ma'adinai a lardin Yunnan, inda ma'aikata shida suka kamu da ciwon huhu a 2012, uku suka rasu. Kamanninta da korona ya kai kashi 96 cikin 100. An kuma san wani ɓangare na aikin cibiyar an yi shi a ɗakunan da matakin tsaronsu bai kai yadda masana da yawa suke ganin ya dace ba, sannan rumbun bayananta na intanet ya daina buɗuwa a Satumba 2019.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Korona tana da wani ɗan gurbi a jikin ƙayar da take huda tantanin jikin mutum da ita, ana ce masa gurbin furin, wanda yake sauƙaƙa mata kama mutane, kuma ba a ga irinsa a danginta na kusa ba. A 2021 aka fallasa wata takardar neman kuɗin bincike ta 2018, wadda ƙungiyar EcoHealth Alliance ta Amurka ta rubuta tare da cibiyar Wuhan da wasu, inda aka ambaci sanya irin wannan gurbin a ƙwayoyin korona na jemagu. Hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta ƙi ba da kuɗin. Tambayar masu zargi ita ce: an fasa aikin, ko an yi shi da wani kuɗin?

Nan ma akwai rauni. Wancan bambancin na kashi 4 ba ƙarami ba ne, a wurin ƙwayar cuta shekaru gommai ne na sauye-sauye, don haka RaTG13 ba uwar korona ba ce. A jemagun Laos an samo wadda ta fi ta kusa, BANAL-52, tana yawo a daji ba tare da hannun kowa ba. Gurbin furin kuwa akwai shi a wasu ƙwayoyin korona da Allah ya halitta haka, irin su mai jawo cutar numfashi ta MERS. Kuma har yau babu wanda ya fito da shaidar cewa cibiyar tana riƙe da ainihin ƙwayar ko uwarta kafin annobar.

An taɓa samun ƙwayar cuta ta kuɓuce daga ɗakin gwaji kuwa?

Sau da yawa ma. Ita kanta SARS, bayan an shawo kanta, ta kama ma'aikatan bincike a Singafo da Taiwan a 2003, sannan a Beijing a 2004. Mutum na ƙarshe da agana ta kashe a duniya, Janet Parker, a jami'ar Birmingham ta Ingila ta kamu a 1978, a ginin da ake ajiye ƙwayar. Saboda haka tambayar ko haɗari ne ya faru a Wuhan tambaya ce ta mai hankali. Sai dai faruwar abu a wani wuri ba shaida ba ce ta cewa ya faru a nan.

In daga dabba ce, me ya sa shekara da shekaru ba a gano dabbar ba?

Irin wannan binciken yana da jan rai. SARS ta ɓulla a 2002, amma sai a 2017 aka bayyana kogon jemagun Yunnan da ke ɗauke da dukan sassan da suka haɗa ta. Ebola tun 1976 aka san ta, har yau ba a tabbatar da dabbar da take ɓuya a jikinta ba. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969, sai bayan 'yan shekaru aka danganta shi da ɓera.

Amma masu zargi ma suna da abin faɗa: a lokacin SARS, cikin 'yan watanni aka samu dabbobin kasuwa ɗauke da ƙwayar. A Wuhan kuwa an kwashe dabbobin, an wanke kasuwar, kafin a gwada waɗanda suka fi muhimmanci, gonakin da ake kiwonsu kuma aka rufe su. Damar da aka rasa a makon farko na Janairu 2020 da wuya ta dawo. Duba amsa ta gaba.

Me ake zargin ƙasar Sin da ɓoyewa?

Wasu abubuwan ba zargi ba ne, a rubuce suke. Likitan ido Li Wenliang ya gargaɗi abokan karatunsa ranar 30 ga Disamba 2019, 'yan sanda suka kira shi suka sa ya sa hannu a takardar cewa ya yaɗa jita-jita. Cutar ta kashe shi ranar 7 ga Fabrairu 2020. Tsarin halittar ƙwayar kuma ba gwamnati ce ta fara fitar da shi ga duniya ba, Farfesa Zhang Yongzhen ne ya yarda aka wallafa ranar 11 ga Janairu, washegari aka rufe ɗakin bincikensa da sunan gyara. Sai ranar 20 ga Janairu aka amsa a fili cewa mutum yana shafa wa mutum.

Abin lura shi ne wannan rufa-rufar ba ta nuna ɓangaren da ke da gaskiya. In daga ɗakin gwaji ce, abin kunya ne ga Sin. In daga kasuwa ce, shi ma abin kunya ne, domin bayan SARS ta yi alkawarin tsaftace cinikin namun daji, ga shi an ci gaba da yi a tsakiyar babban birni. Ta kowace fuska akwai dalilin ɓoyewa.

Na ji hukumomin leƙen asirin Amurka sun ce daga ɗakin gwaji ce. Ba shi ke nan ba?

Kansu a rabe yake. FBI ta karkata ga haɗarin ɗakin gwaji da matsakaicin tabbaci. Ma'aikatar Makamashi a 2023 da CIA a Janairu 2025 sun karkata can su ma, amma da ƙarancin tabbaci. Wasu hukumomi huɗu tare da majalisar ƙoli ta leƙen asiri sun karkata ga dabba, su ma da ƙarancin tabbaci. A harshen ma'aikatan, ƙarancin tabbaci yana nufin bayanan da aka dogara da su ƙalilan ne ko masu rauni. Kanun labarai sukan yar da wannan ɓangaren.

Siyasa ma ta shiga ciki dumu-dumu. Kwamitin majalisar wakilai da 'yan Republican ke jagoranta ya yanke a Disamba 2024 cewa ɗakin gwaji ne, kuma a Afrilu 2025 fadar White House ta mayar da shafin gwamnati na bayanan korona ya zama na tallata wannan ra'ayin. A ɗaya gefen, kwamitin masana da WHO ta kafa, SAGO, ya ce a Yuni 2025 hujjojin da ke hannu sun fi rinjaya ga tsallakowa daga dabba, amma ba zai iya kore haɗarin ɗakin gwaji ba tunda Sin ta hana bayanan da aka nema. A ganina wannan shi ne matsayin da ya fi kusa da adalci: kasuwa ta fi hujjar da za a iya dubawa, amma shari'ar ba ta ƙare ba.

Me ya sa da farko aka ce zancen ɗakin gwaji shaci-faɗi ne, yanzu kuma ake tattauna shi?

Nan ne masana suka yi wa kansu babbar illa. A Fabrairu 2020 masana 27 suka sa hannu a wata wasiƙa a mujallar The Lancet, suna Allah wadai da masu cewa cutar ba daga dabba ta zo ba. Daga baya aka gano wanda ya tsara wasiƙar shi ne Peter Daszak, shugaban EcoHealth Alliance a lokacin, ƙungiyar da take miƙa wa cibiyar Wuhan kuɗin bincike daga gwamnatin Amurka, kuma ba a bayyana wannan alaƙar a lokacin ba. Shi ɗin dai aka sake sanyawa a tawagar WHO da ta je Wuhan a 2021. Ko da mutum yana da gaskiya, bai kamata mai ruwa da tsaki ya zauna a kujerar alƙali ba.

A Maris 2020 kuma wasu masana biyar suka wallafa maƙala a Nature Medicine suna cewa ba sa ganin wani zato na ɗakin gwaji mai yiwuwa ne. Da saƙonnin da suka yi wa juna suka fito fili, sai aka ga a makonnin farko wasunsu suna da shakku fiye da yadda maƙalar ta nuna. Su sun ce hujja ce ta sauya musu ra'ayi, kuma haka aikin kimiyya yake. Mai yiwuwa haka ne. Amma jama'a ƙarshen maganar kawai suka gani, a kakkause, ba su ga kokwanton da aka bi kafin a kai can ba. Facebook ma ya riƙa goge rubutun da ke cewa ɗan Adam ne ya ƙera cutar daga Fabrairu 2021, ya janye dokar a Mayu na shekarar.

Dalili ɗaya da ya jawo haka shi ne Donald Trump ya rungumi zancen tun 2020, yana haɗa shi da zagin Sin, sai masu adawa da shi suka ƙi zancen saboda mai faɗarsa. Tun daga nan, a Amurka, sau da yawa jam'iyyar mutum take faɗa maka inda yake ganin cutar ta fito.

Jami'an lafiya sun yi ta canza magana. Ƙarya suka yi mana?

A raba abu biyu. Akwai sauyin da sabon ilimi ya kawo, wannan ba laifi ba ne. Da farko an ɗauka sai mai tari da zazzaɓi yake yaɗa cutar, da aka gane wanda bai nuna alama ba ma yana yaɗawa, sai hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta koma ba da shawarar sa takunkumi a Afrilu 2020, WHO ta biyo baya a Yuni.

Akwai kuma faɗin abu gaba gaɗi alhali ba a tabbatar ba, wannan kam laifi ne. A ƙarshen Maris 2020 WHO ta wallafa cewa tabbas cutar ba ta yawo a iska. Masana 239 suka rubuta mata a Yuli cewa ta sake dubawa, amma sai a 2021 ta amsa sosai. A tsakanin nan mutane suna ta wanke hannu da goge ƙofa, alhali buɗe taga ya fi musu amfani. Anthony Fauci, babban jami'in lafiya na Amurka a lokacin, shi ma ya faɗa daga baya cewa cikin dalilan hana jama'a sayen takunkumi da farko har da tsoron kada ya yanke wa ma'aikatan asibiti. Dalili ne mai kyau, amma da an faɗe shi tun ranar.

Sai abin da ya fi cin rai, masu kafa doka suna karya ta. A Birtaniya an ci tarar firaminista Boris Johnson a 2022 saboda shagali a ofishinsa lokacin kulle. A Abuja, an hana jama'a taruwa, amma aka ga cincirindo a jana'izar Abba Kyari a Afrilu 2020, a talabijin kowa na kallo.

WHO 'yar amshin shatan Sin ce?

Raunin ta ya fi haɗin bakinta bayyana. WHO ƙungiya ce ta ƙasashe, 194 a lokacin annobar, ba ta da ikon shiga ƙasa sai da izini, ba ta da 'yan sanda, kuma yawancin kuɗinta gudummawa ce ta ganin dama. Shugabanta Tedros Ghebreyesus ya yabi Sin sosai a Janairu 2020, abin da mutane da yawa suka gani a matsayin lallashi don a samu bayanai. Tawagarta ta binciken asalin cutar ba ta shiga Wuhan ba sai Janairu 2021, ta yi mako biyu a killace, kuma an hana ta ainihin bayanan marasa lafiya 174 na farko. Rahoton Maris 2021 ya ce haɗarin ɗakin gwaji abu ne mai matuƙar wuya, amma a ranar da aka fitar da shi Tedros da kansa ya ce ba a bincika wannan ɓangaren yadda ya kamata ba. Da ya nemi zagaye na biyu da zai haɗa da duba ɗakunan gwaji, Sin ta ƙi a Yuli 2021.

Mu a nan, me ya sa mutane da yawa suka ce babu korona?

Domin abin da ido ya gani bai yi daidai da abin da kunne ya ji ba. An fara tabbatar da cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a jikin wani ɗan Italiya a Legas, kuma waɗanda aka fara jin sunayensu gwamnoni ne da manyan jami'ai, sai aka ce cutar manya ce, ta masu hawa jirgi. An rufe kasuwa da masallacin Juma'a, an ce a zauna a gida, ga mutumin da sai ya fita yake samun na cefane. A Nijar har tarzoma aka yi kan rufe masallatai da dokar hana fita. Sannan a Oktoba 2020 aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama aka tarar da kayan tallafin korona jibge ba a raba ba. Bayan wannan, wa zai hana talaka cewa harkar kuɗi ce?

Amma Kano ta ga wani abu a Afrilu 2020, gab da azumi da cikinsa. Masu haƙa kabari ne suka fara magana, cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka na kullum, yawanci dattawa. Gwamnatin jiha ta fara danganta abin da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Tunda a al'adarmu ba a jinkirta jana'iza balle a yanka gawa a bincika, sai tawagar gwamnatin tarayya ta bi gida-gida tana tambayar iyalai yadda mamatan suka yi jinya. A Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce ta yi sanadi ko ta tayar da ciwon da ke kwance. Alƙaluman hukuma na ƙasar baki ɗaya sun tsaya a mamata 3,000 da 'yan kai, adadin da ya dogara da waɗanda aka samu damar gwadawa kawai.

Bayan abin da Pfizer ya yi a Kano, ba mu da hujjar ƙin yarda?

Akwai hujjar yin hattara, wannan ba musu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin kusan 200 da aka sa a gwajin rabi aka ba su sabon maganin, rabi wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga kuma CIA da ta fake da aikin riga-kafi na bogi a Pakistan a 2011 tana neman Usama bin Laden, ga likitocin Faransa biyu da suka faɗa a talabijin a Afrilu 2020 cewa a gwada allura a Afirka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai mun ga kuɗin da gudun ya jawo. A 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa, bisa zargin an sa maganin hana haihuwa a ciki. Kano ba ta dawo ba sai Yuli 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiyar kanta, yaran da suka shanye kuwa namu ne. Abin da ya gyara lamarin ba tsawa daga Abuja ko Geneva ba ne, shigowar sarakuna da malamai da masu unguwanni ne, da matan unguwa da ake sani suna shiga gida-gida. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

In ta tabbata daga ɗakin gwaji ta fito, ai allurar ma makirci ce ko?

A'a, tambayoyi biyu ne da ba su rataya da juna ba. Ko daga ina ƙwayar ta zo, ingancin allura da gwajinta ake auna shi. An yi allura sama da biliyan 13 a duniya. An ce duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu, an ce cokali zai manne a damtsensa, shekarun sun wuce. Illolin gaske akwai su, amma ba kasafai ba: daskarewar jini a wasu ƙalilan da aka yi wa AstraZeneca, da kumburin tsokar zuciya a wasu samari da aka yi wa Pfizer ko Moderna. Hukumomin sa ido ne da kansu suka gano su suka sanar a 2021. Inda jami'ai suka yi zuzutawa shi ne nuna kamar wanda aka yi wa ba zai kamu ba sam. Nau'in Omicron ya ƙaryata wannan, amma kariya daga kwanciya asibiti da mutuwa ta tabbata.

To wa zan yarda da shi?

Kada ka ba kowa yarda ido rufe, ko jami'i ko mai saƙon murya. Ka duba ko mai maganar yana rarrabe abin da ya tabbatar da abin da yake zato, ko yana faɗin inda ya samo, ko ya bayyana abin da zai ci in ka yarda da shi, sannan ko ya taɓa fitowa ya ce na yi kuskure. Wannan ma'aunin ya kama masu wasiƙar Lancet, kamar yadda aka gani a sama, ya kuma kama mai sayar da maganin gargajiya da ya ce nasa yana kashe korona cikin kwana uku. Abin da jami'in lafiya ya fi mai saƙon murya da shi shi ne yana da suna da ofis, maganarsa a rubuce take, ana iya dawowa a tuhume shi da ita.

Masu shekaru za su tuna wani dare a Agusta 2014, lokacin Ebola. Waya ta yi ta ƙara tun kafin asuba, uwa tana kiran ɗanta, ƙane yana kiran yayarsa: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Ba wanda ya san daga bakin wa maganar ta fito. Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. A daidai lokacin, Dakta Stella Adadevoh ta riga ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, barin asibiti a Legas, ma'aikata suna bin duk wanda ya yi hulɗa da shi ɗaya bayan ɗaya. Cutar ta tsaya a mutum 20, ta kashe 8, cikinsu har da likitar, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Nijeriya ta rabu da ita.

Tunda annobar ta wuce, me sanin asalinta zai amfana?

WHO ta ƙiyasta mutuwar da ta ƙaru a duniya a 2020 da 2021 kaɗai ta kai kusan miliyan 15, iyalan waɗannan suna da haƙƙin jin yadda aka yi. Sannan amsar tana nuna inda za a toshe. In kasuwa ce, sai a matsa kan cinikin namun daji da ransu, wanda Sin ta haramta cin su a Fabrairu 2020. In ɗakin gwaji ne, sai a matsa kan tsaron ɗakunan da kuma binciken da ake ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi. Ba sai an jira hukunci ba, duka biyun ana iya yin su yau.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ƙasar da ta faɗi gaskiya takan sha hukunci. A Nuwamba 2021 masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka gano Omicron suka sanar nan take, sakamakon da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jirgi, a Disamba Birtaniya ta sa har Nijeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga. Gwamnatin da ta ga haka, gobe sai ta yi tunani biyu kafin ta buɗe baki. Yarjejeniyar annoba da ƙasashen WHO suka amince da ita a Mayu 2025 an yi ta ne don a rage wannan, amma Amurka ba ta ciki, domin Trump ya sa hannu a takardar ficewa daga hukumar tun ranar 20 ga Janairu 2025. Sashen da ya fi shafar ƙasashe irin namu, wato in ka ba da samfurin ƙwayar cuta wane kaso na allura da magani za ka samu, an ɗage shi a lokacin zuwa wani zaman tattaunawa na daban.